Katakon Ɗakin Uwarku

Na san abin da aka gaya maku game da shekarar da uwarku ta kwashe ku ta koma gidan iyayenta a Kafur har wata biyu. Gwaggonku ta ba ku nata labarin, kawunnanku sun ba ku nasu, ni kuwa na yi shiru, don a lokacin ina ganin ba girmana ba ne in zauna ina wanke kaina a gaban 'ya'yana. Yanzu ido ya ragu, hannu ya daina riƙe zarto kamar da, kuma na lura har yau idan aka ambaci shekarar nan sai ku sunkuyar da kai. Shi ya sa zan rubuta yadda abin ya faru. Uwarku tana nan da ranta. In na ƙara ko na rage, ba za ta ƙyale ni ba.

Kun san ni kafintan rufi ne. Na koyi aikin a wurin wani tsoho mutumin kudu da ya taɓa aiki a tashar jirgin ƙasa ta Funtua, mutum ne da ba ya son yawan ƙusa. Shi ya koya mini in huda wannan katako, in sassaƙe bakin wancan, in zura shi ciki su riƙe juna, sannan in danna turken itace ya kulle su. Abin da na fi so a duk aikin nan shi ne ranar da aka gama ɗaura rafta amma ba a kai ga buga kwano ba. Sai in hau can ƙololuwa in zauna, ƙafafuna suna lilo, sararin sama ya rarrabu gida-gida tsakanin katakai, iska tana bi ta ciki tana fita. A wannan ranar gidan ba na mai shi ba ne tukuna, nawa ne ni da tsuntsaye. Na yi wa mutane da yawa irin wannan a Funtua da Malumfashi da ƙauyukan da ke tsakani, alhali mu muna zaune a ɗakin haya guda ɗaya, ni da uwarku da ku uku, a wani gida da ruwan sama yake shiga ta inda ya ga dama.

Ina da ɗan fili a bayan gari, kuma na yi wa uwarku alkawari. Shekara uku ina tara katako. Ba irin wanda ake sauke wa a kasuwa yana ɗigar ruwa ba. Madaci ne da kirya, ina tsintarsu ɗaya-ɗaya duk inda na ji an kayar da tsohon itace, in sa a tsaga mini, in kawo bayan shago in jera su a inuwa, in saka 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Kowane wata sai na juya su. Idan na ƙwanƙwasa ɗaya da bayan yatsa na ji ya amsa da ƙara mai tsabta, na san ya bushe har ciki. Uwarku takan biyo ta shagon in za ta kasuwa. Ba ta cewa komai a gaban mutane, sai ta zagaya baya ta ɗora tafin hannu a kan madacin ta ɗan jima. Wata rana na iske ta ta rufe ido, na tambaye ta ko lafiya.

"Ina cikin ɗakina ne, Malam," in ji ta. "Ka ba ni minti biyu in fito."

Mun yi shirin fara gini bayan kaka. Sai ga shi ana gab da shuka, wayar salula ba ta daɗe da shigowa garin ba, Yaya Garba, wana da ke zaune da Baba a Maska, ya kira ni ta wayar wani maƙwabci ya ce in zo yanzu. Baba ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Da muka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi, amma hankalinsa garau yake.

Ku ba ku san kakanku a tsaye ba, ƙaramarku ma ba ta tuna shi ko kaɗan. Mutum ne da bai taɓa wuni a cikin gida ba tun yana yaro. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta gabas, gonarsa tana farawa daga gindin katanga ta tafi har fadama. Ya san kowace kunya a cikinta. Sai ga shi kwance a ɗaki, fuska ga bango, damina ta sauka, yana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta taga, yana jin muryoyin masu huɗa, ba ya ganin komai. Kullum da yamma yakan tambayi Yaya Garba inda masara ta kai. Yaya ya ce ta kai gwiwa, ta yi kyau.

"Ta yi kyau yaya?" in ji Baba. "Ganyen ya yi duhu ko ya yi fari? Ta gefen tsamiya fa, ruwa bai kwanta ba?"

"Ban duba can ba, Baba."

"Kana zuwa gona dai, Garba, amma ba ka iya kallo ba."

Mun taɓa ɗora shi a amalanke muka zagaya da shi. Kafin mu isa, mutane sun taru suna yi masa sannu, mata suna leƙowa ta kan danga suna cewa Allah sarki. Ya ja hula ya rufe fuska, ya ce a mayar da shi. Daga ranar ya daina tambayar masara, sannan ya fara mayar da kwanon fura yadda aka kawo shi.

Ina zuwa duk Juma'a. Wata Juma'ar matar Yaya ta ce ɗakin Baba yana yoyo ta kusurwa, sai na ɗauki tsani na hau. Na gyara kwanon, na miƙe zan sauko, na juya gabas. An yi ruwa da safe, rana ta fito a hankali. Gonar gaba ɗaya tana shimfiɗe a gabana, kore shar, iska tana kwantar da masara layi bayan layi kamar ana shafa ta da hannu. Na ga tsamiyar, na ga inda ruwa ya kwanta a gefenta yana ƙyalli, daidai wurin da Baba ya ce. Can nesa balbelu sun tashi daga fadama suka yi fari a kan duhun gajimare. Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Abin da na sani, duk wannan yana nan kullum, tsakaninsa da idon Baba katanga ɗaya ce da tsayin mutum da rabi. Kafin in sauko daga tsanin na riga na gama gina rumfar a kaina: ginshiƙai shida, dandamali a sama da katanga, matakala mai faɗi mai saukin hawa, rufi mai gangara biyu, gabas a buɗe.

Abin da zai ɗauki nauyin tsoho da wanda ya goyo shi, a tsakiyar damina, a ƙasar da gara take cin ƙofa cikin shekara, ba ɗanyen katakon kasuwa ba ne. Wannan zai murɗe ya saki mahaɗa kafin kaka. Busasshen katako mai ƙarfi, a duk inda na sani, wuri ɗaya yake: bayan shagona.

A nan ne na yi laifin da nake son ku sani, don shi ne ainihin abin, ba wanda aka gaya maku ba. Ban nemi wata mace ba, ban ɗaga wa uwarku hannu ba, ban taɓa ba. Abin da na yi shi ne na sa mota ta kwashe katakon da safe, sannan na zo gida da azahar na sanar da ita. Tana tsince shinkafa a faifai. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na Baba, na gona, na abin da na gani a kan rufi. Ta saurara har na gama.

"Yaushe za a kwasa?"

"An riga an kwasa."

Ta ajiye faifan a hankali.

"Duka?"

"Duka."

"Malam, Baba ubana ne ni ma. Da ka tambaye ni, wallahi da na ba ka, da ni zan ce ka yi sauri. Shekara uku ina zuwa ina gaishe da itacen nan, ka rasa minti ɗaya da za ka ce mini Hajara, me kika gani?"

Na ce mata ai katakona ne, da gumina na tara. Wannan maganar ita ce ta biyu a laifina, kuma ta fi ta farko muni. Bayan kwana uku aka yi ruwa mai ƙarfi ina Maska, ya shiga ɗakin hayar ya jiƙa katifa da littattafan babbarku. Da na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciya ta miƙo mini makulli ta ce sun tafi Kafur. Na yi fushi, na ce ta huce ta dawo da kanta. Na koma Maska na dulmiya cikin aiki.

Yaya Garba bai so abin ba da farko. Ya ce mutane za su ce mun ɗora tsoho a sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Amma da ya ga na fara haƙa ramuka, sai ya tuɓe riga ya karɓi diga. Kiryar muka yi ginshiƙai da ita, na ƙona gindinsu sama-sama na shafe da baƙin mai saboda gara. Madacin ya tafi a dandamali da rafta da matakala. Kowace mahaɗa a ƙasa na sassaƙe ta, na gwada, na kwance, na sake gwadawa. Jan garin madaci ya rufe tsakar gida, ƙamshinsa mai ɗaci-ɗaci ya shiga har cikin tuwo. Baba yana jin bugun guduma daga ɗaki bai tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ranar da muka tayar da ginshiƙan da taimakon maƙwabta, katakai suka shiga juna ɗaya bayan ɗaya ba gardama, na ji daɗin da ban taɓa ji a aikin kowa ba. Kuma a cikin daɗin nan, duk katakon da na ɗaga sai na tuna hannun da ya saba sauka a kansa.

Da hantsi muka fara hawa da shi. Na goya shi, bai fi nauyin buhun da aka ci rabi ba. Yana ta faɗa a kunnena, ina za ka kai ni, Ɗanlami, ai na gaya maka ba na son mutane su gan ni. Na zaunar da shi a kujerar da na yi masa mai jingina, na matsa gefe. Masara ta riga ta fi mutum tsayi, ta fara fitar da gemu. Bayanta dawa, bayan dawa auduga da furanninta masu ruwan ɗorawa. Baba ya ɗaga kai. Idonsa ya fara daga gindin katanga ya bi gonar a hankali, kunya-kunya, kamar yadda yake bin ta da ƙafa. Hawaye ya zubo ta ɓangaren da ya shanye, bai iya gogewa ba, ni kuma na yi kamar ina duba wata mahaɗa. Can ya ɗaga hannun dama ya nuna.

"Garba! Wa ya bar ciyawa a layin can na uku?"

Ran nan ya shanye furarsa har ya nemi ƙari.

Daga nan rumfa ta zama gidansa. Bayan sallar asuba a hau da shi, sai zafin rana ya sa a sauko, da la'asar a koma. Yana ba da umarni daga sama, Yaya yana gunaguni daga ƙasa yana aikatawa. Makiyaya in sun biyo ta burtali sukan ɗaga sanda su gaishe shi, ya amsa, ba wanda ya ce masa Allah sarki, don mutumin da ke sama ba a yi masa kallon tausayi. Shi yake fara ganin hadari ya haɗo daga gabas, ya ce a kwashe shanya. Wani lokacin in ina zaune kusa da shi sai ya yi magana da waɗanda ba na gani. Wata la'asar, rana ta yi ja a kan dawa, ya taɓa ni ya ce:

"Ga innarku can tana tsinkar kuɓewa. Dubi yadda take ɗaure zani."

Inna ta rasu tun ina saurayi. Na duba inda ya nuna, ganye ne kawai yake motsi. Amma na ce masa na gan ta, kuma har yau ban tabbata ƙarya na yi ba.

Ana haka wata rana yana shafa hannun kujerar da yatsunsa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Manomi ne, amma ya san itace.

"Wannan madacin ya daɗe da bushewa. Ina ka same shi?"

Kafin in buɗe baki, ya sake jefo wata tambayar:

"Ina Hajara? Wata biyu ba ta aiko mini da ko dambu ba, ba halinta ba ne."

Yaya Garba ne ya faɗa masa, yana tsaye a matakala. Baba ya dube ni, kallon da rabona da shi tun ina yaro.

"Ashe a kan ɗakin yarinyar nan ka ɗora ni. Ina nan ina shan iska, jikokina suna gidan wani. Sauke ni."

"Baba, ai…"

"Na ce ka sauke ni. Ba zan sake hawa ba sai mai abin ta ce in hau."

Washegari na hau babur zuwa Kafur. Kakanku na wajen uwa ya karɓe ni a zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce shi bai riƙe ta ba, bai kuma kore ta ba, in shiga mu yi magana. Na same ta tana yi wa ƙaramarku kitso. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce na yi kuskure a ɗauka, na yi kuskure a magana. Ta ci gaba da kitsonta. Sai da na ce Baba ya sauko daga rumfa ya koma fuskantar bango, sannan hannunta ya tsaya.

"Yana cin abinci?"

"Tun jiya bai ci ba."

Ta miƙe ta ɗauki mayafi.

A Maska ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa ta gaishe shi. Ya ce ta matso. Ya ce mata, da bakin nan nasa mai nauyi, bai san da abin ba, kuma in ta ce a kwance rumfar yau za a kwance, katako ba ya lalacewa don an taɓa haɗa shi. Ta ce to, Baba, bari ta gani tukuna. Ta fita ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga kai tana kallon raftocin. Sannan ta hau ita kaɗai. Muna tsaye a tsakar gida, ni da Yaya da matarsa, muna ganin bayanta kawai, iska tana kaɗa mayafinta. Ta daɗe sosai. Audugar ta fara fashewa a lokacin, fari-fari can ƙarshen gona. Da ta sauko ba ta dube ni ba, ta wuce ƙofar Baba.

"Baba, an fara karya masara ta gefen tsamiya kuma ba daidai suke yi ba. Gara ka hau ka gani."

Ta juyo gare ni.

"Malam, goya shi mana. Me kake jira?"

Baba ya ga an karya masara, ya ga an yanke dawa, ya ga an tsince audugar nan tas har gona ta koma kara da ƙasa. Ya ce bana an yi noma. Bayan haka da 'yan makonni ya rasu, a ɗakinsa, da rana tsaka, yana cikin hankalinsa.

Mu kuwa sai da muka ƙara shekara shida a haya. Irin wancan itacen ya yi wuya, manyan madatai sun ƙare a yankin nan, ban sake tara kamarsa ba. Gidan da kuka girma a ciki da katakon kasuwa na rufe shi, ni da nake yi wa mutane alfahari da aiki. Tarin da babbarku ta yi fama da shi tana ƙarama, a ɗakin nan mai danshi ta same shi, kuma na san da haka. Ba na son ku ɗauka abin bai ci komai ba, ko ku ɗauka uwarku ta yi yaji a kan abin banza.

Ranar addu'ar arba'in, bayan mutane sun watse, Yaya Garba ya kira mu ni da ita. Ya ce rumfa ta gama aikinta, in zo da kayan aiki mu kwance, a mayar wa Hajara da katakonta. Na dube ta. Ta ce a bar ta inda take, yara su riƙa hawa suna ganin gonar kakansu. Yaya ya sake tambaya, ta sake faɗa.

A hanyar komawa Funtua tana bayana a kan babur, rana tana faɗuwa, karan dawa a jere a gonaki hagu da dama. Zuciyata ta yi sanyi, na ga kamar komai ya wuce. Na rage gudu na ɗan juyo na ce mata na gode da ta bar mini katakon.

"Baba na ba wa, Malam," in ji ta. "Kai ban ba ka ba."

Har yau ba ta janye wannan magana ba, ni kuma ban taɓa neman ta janye ba.